Sanyi da asuba, zufa da azahar: jakar zuwa birni a ƙarshen hunturu

'Yar uwa, in dai kina da tafiya birni tsakanin tsakiyar Fabrairu da ƙarshen Maris, kada ki bari sanyin asuba ya haɗa miki jaka. Shi sanyin nan baƙo ne mai shirin tafiya. Zai raka ki daga ƙofar gida zuwa tasha, ya ɗan zauna da ke a mota, kafin ki kai Kabuga ya sulale ya bar ki da rana. Wani lokacin kuma sai kin fidda rai da shi, kin wanke rigunan sanyin yara kin kai su ƙasan akwati, ki wayi gari ya dawo da hazonsa kamar ba shi ne ya tafi ba.

Mu a nan Karaye da Rogo mun san wannan tsakanin sarai. Hunturu bai gama tafiya ba, bazara kuma ba ta gama zama ba. Mangwaro ya yi huda, masu noman rani suna ta kwasar tumatir, leɓe yana tsagewa da safe, da azahar kuma ana neman inuwa. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce ba a yarda hunturu ya tafi sai ya yi sallama sau uku.

A daidai wannan lokaci ne kuma tafiya birni take yawa. A 'yan shekarun nan azumi a nan kusa yake faɗowa, a 2025 ma ranar 1 ga Maris aka ɗauka. Kin san yadda bukukuwa suke cunkushewa gabanin azumi, ga sayayyar sallah a Kantin Kwari, ga dubiya, ga waɗanda aka rubuta wa ranar ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko asibitin yara na Hasiya Bayero. Duk mai fita kuwa, da goyo a baya take fita, wata da ɗan yaye a hannu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma uwa ce. Abin da nake so mu tattauna a yau ɗaya ne: a wannan lokaci, yini guda ake haɗa wa kaya, ba sa'ar da aka fito daga gida ba.

Me ya sa garin yake da fuska biyu?

Iska biyu ce take mulkin sararinmu. Akwai busasshiya mai tasowa daga arewa maso gabas, ta hamadar Sahara, ita ce ta hunturu. Akwai mai danshi da take tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ita ce mai kawo damina. A Fabrairu da Maris ta hamada ta fara rauni, ta teku kuma ba ta iso mana ba. Rana ta ƙara ƙarfi, sama babu gajimare, iska babu laima. Saboda haka da rana ƙasa take ɗaukar zafi da sauri, da dare kuma ta sake shi da sauri, tun da babu abin da zai tare shi.

Shi ya sa a Fabrairu za ki ga ma'aunin zafi ya sauka wajen digiri 15 da asuba, da azahar ya haura 30. Cikin Maris rana takan kai 37 ko 38, kafin Afrilu ta zo da nata 40 ɗin. Ki duba wannan tazarar. Jikin babba ma yana jin ta, balle na jariri wanda bai iya daidaita zafin jikinsa kamar namu ba.

Hazon kuma yawancinsa daga arewacin Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda tsohon tafkin Chadi ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Idan iska ta yi ƙarfi a can, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ki ga garinmu ya yi fari fat, har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ranar da hazo ya rufe rana, gari yakan yi sanyi ko da a Maris ne. Wannan ita ce sallamar hunturu ta biyu da ta uku da kakata take faɗa.

Ga kuma bambancin gida da birni. Mu muna da itatuwa da fadamu da gonaki, ga ruwan dam ɗin Challawa a gefenmu tun 1992, asubarmu tana da sanyi. Birni kuwa kwalta ne da siminti da kwano da hayaƙin mota da na janareta. Tsakanin Karaye da Kano kusan kilomita 90 ne, daga Rogo ya fi haka. Idan kika haɗa da jiran mota ta cika, wadda ta bar gida tana rawar ɗari, cikin zufa za ta sauka.

Mun fi tsoron sanyi

Bari mu faɗa wa juna gaskiya. Mu iyaye mata sanyi muke tsoro. Yaro ya yi tari, sanyi ne. Ya yi gudawa, sanyi ne. Ya ƙi barci, sanyi ya shige shi. Zafi kuwa ba ma lissafa shi a cikin abin da yake cutar da jariri.

Akwai ranar da wata yarinya mai haihuwar fari ta shigo wajen aikina da tsakar rana, ita da uwar mijinta. Daga wani ƙauye a ƙasar Rogo suka fito tun bayan sallar asuba, za su wuce birni suna, sai jaririn ya kama kuka ba ƙaƙƙautawa, jikinsa ya yi zafi rau. Da na fara kwance shi sai da na ƙirga: singileti, riga mai haɗe da wando, rigar sanyi, hula, safa, tawul, zanin goyo, sannan dogon hijabin uwar a sama. Wuyansa sharkaf da zufa, ga ƙuraje sun feso.

Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce, "Haba Malama, kada ki tsiraita shi, sanyi zai shige shi."

Na ce, "Inna, sa hannunki a ƙeyarsa ki ji."

Ta sa, ta yi shiru. Muka bar shi da singileti, uwar ta ba shi nono, bayan rabin awa na sake aunawa, zafin ya sauka, ya yi barci. Duk da haka sai da likita ya duba shi sosai kafin mu sallame su, domin zazzaɓi a jaririn da bai kai wata uku ba, ba abin da ake yi wa zato ba ne.

Ban ga laifin tsohuwar nan ba. Da asuba ita ce mai gaskiya, jaririn da za a ɗora a acaɓa zuwa tasha cikin wannan iska dole a rufe shi. Abin da ya faru shi ne gari ya sauya, kayan jikinsa ba su sauya ba.

Na kuma ga akasin haka. Wata uwa ta tafi biki birni da yaronta mai sikila, ta ga an kwana huɗu ana zafi, ta ɗebo masa 'yan riguna marasa nauyi kawai. A daren kamu hazo ya sauko, aka kwana a tsakar gida ana hira, yaron ya yini bai sha ruwan kirki ba. Kafin gari ya waye ciwon ƙashi ya tashi. Ga mai sikila, sanyi da ƙishirwa duk abokan gaba ne, kuma wannan lokaci yana iya haɗa masa su a yini ɗaya.

To, ya za a yi? Ki sa wa yaro kaya hawa-hawa, masu sauƙin cirewa. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya jibgegiya, domin ana iya rage su ɗaya bayan ɗaya. Ta jikin fata ta zama ta auduga. Rigar sanyin ta zama mai maɓalli ko zif a gaba, wadda za ki zare a cikin mota ba sai kin tayar da shi ba. Jariri yana buƙatar abin da kika sa, a ƙara masa hawa ɗaya. Idan yana goye kuwa, ɗumin bayanki da zanin goyo sun riga sun zama wannan hawan.

Kada ki auna shi da tafin hannu ko ƙafa, su kullum sun fi sauran jiki sanyi. Ƙeya da ƙirji ake taɓawa. Idan da zufa, ki rage. Idan da sanyi, ki ƙara. Ki yi hakan a tasha, ki yi a hanya, ki sake yi idan kun sauka. In kuma tare kuke da surukarki ko goggonki, kada ki tsaya musu. Ki ce, "Inna, taɓa min ƙeyarsa ki ji ko ya yi zufa." Hannunta zai faɗa mata abin da ba za ta karɓa daga bakinki ba.

Jaka biyu, ba ɗaya ba

Ni idan zan shiga birni da yarana, jaka biyu nake haɗawa, kuma tun dare. Babbar ita ce mai shiga but. Da zarar ɗan kamasho ya danna ta ƙarƙashin buhun masara da kwandon tumatir, kin rabu da ita sai an sauka. Saboda haka duk abin da za ki nema a hanya, wurinsa ƙaramar jakar da take kan cinyarki.

A ƙaramar nake sa ruwa kafin komai, a gora mai murfi, kowane yaro da rabonsa. Sai riga ɗaya ta canji ga kowa, famfas, da leda biyu babu komai a ciki, ɗaya ta kayan da suka ɓaci, ɗaya ta rigunan sanyin da za a cire. Sai ɗan zani mai laushi. Shi wannan zanin aikinsa da yawa: mayafi ne da safe, labule ne idan rana ta bugo ta gilashi, shimfiɗa ce a gidan mutane. Sai man kaɗanya ko basilin na leɓe da dunduniya, da takunkumi na ni da manyan yaran. Yaron da bai kai shekara biyu ba ba a sa masa takunkumi, sai dai ki juyo da fuskarsa jikinki idan ƙura ta taso.

Ki tuna tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. Adaidaita za ki shiga, ita kuma gefenta a buɗe yake, duk ƙura da hayaƙin titi a fuskarku za su ƙare. Ki sa yara a tsakiya, ke ki zauna a baki.

Ɓangaren magani ba shi da yawa. Ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara da cokalin awonsa, ƙunshin ORS biyu ko uku, wato garin ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki. Ki karanta jikin ƙunshin ki ga yawan ruwan da ake haɗa shi da shi. Idan na lita ɗaya ne, ledar fiya wata biyu ke nan. Abin da aka haɗa ya kwana ya yini, zubarwa ake yi. Mai asma, abin shaƙarsa ya kasance a hannunki, ba a but ba, domin ƙura ita ce mai tayar da ita. Mai sikila, magungunansa da rigar sanyinsa da gorarsa ba sa rabuwa da ke. Magani ma ba ya son zafin bayan mota.

Akwai abin da nake roƙon ki bari a gida: maganin mura ko na ƙaiƙayi da wasu suke ɗura wa yaro don ya yi barci a hanya. Yaron da aka kwantar da magani ba ya neman nono, ba ya neman ruwa, kuma ba za ki gane barci yake ko galabaita ya yi ba. Haka man zafi mai yaji da ake cusa wa jarirai a hanci, yana iya ƙara toshe musu numfashi.

Abinci kuma ki zaɓi wanda rana ba ta lalatawa da wuri. Kunu a filas, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba, lemo, dabino, ƙuli-ƙuli ga manya. Fura da nonon da aka dama tun asuba, zuwa azahar a cikin mota mai zafi ba na yaro ba ne. Madarar gwangwani da aka haɗa, idan ta wuce awa biyu, a zubar. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, komai zafin gari nono ya ishe shi, ba ya buƙatar ruwa. Ki dai yawaita ba shi, ke ki sha ruwan.

Abu na ƙarshe a ƙaramar jaka, wanda aka fi mantawa: katin rigakafi da katin asibiti. Ki ɗauki hotonsu a wayarki ma. Idan larura ta kai ki asibitin da ba a san ki ba, katin nan zai amsa tambayoyin da ruɗewa za ta hana ki amsawa.

A babbar jaka sai kayan kwalliya, bargo ɗaya mara nauyi, rigar sanyi ta biyu, da gidan sauro idan kwana za ki yi. Sauron birni bai san rani ba, kwatoci suna ciyar da shi shekara zagaye. Kada ki cika ta da kaya kala bakwai. Mai goyo da ɗan yaye hannu biyu gare ta, kuma duk suna da aiki.

Ɗakin da za ki kwana

Nan ne hankalina ya fi tashi a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Gidan biki, ɗaki ɗaya, mata goma sha da yaransu, an rufe ƙofa da taga saboda sanyin dare, wani lokaci har da kaskon gawayi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ko ba garwashi, cunkoso da rashin iska a wannan lokaci hanya ce ta ƙyanda da sanƙarau.

Muna cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu ƙofa, cunkoso kuma ya yaɗa ta. Iyayenmu ba su manta 1996 ba, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, Kano tana cikin inda abin ya fi tsanani. A 2017 ma ta kashe sama da mutum 1,000, yawanci a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu.

Alhamdu lillahi yanzu akwai rigakafi. Idan kika duba katin ɗanki, a wata tara ana yin ta sanƙarau tare da ta ƙyanda da ta shawara, a wata goma sha biyar kuma a maimaita ta ƙyanda. Ita ta sanƙarau ɗin nau'i ɗaya take karewa, shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i 5. Idan lokacin allurar ɗanki ya yi ba a yi ba, ki fara biyawa asibitin unguwarku kafin ki fara zancen anko.

A masauki kuma, ki roƙi a bar taga a buɗe, a lulluɓe yara da bargo. Ki faɗa da ladabi: "Hajiya, don Allah a bar mana tagar nan saboda yara." Idan ɗakin ya cika maƙil, gara ki nemi wani wurin ko da falo ne. Kunyar minti ɗaya ta fi jinyar wata guda.

Abin da ba ya shiga jaka

Akwai guzurin da a ka ake ɗaukar sa, wato sanin lokacin da za a bar biki a nufi asibiti.

Idan yaro yana tari, ki jira ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon wayarki. Wanda bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan ya kai haka, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana loɓawa in ya ja numfashi, wannan ya wuce mura, alamar ciwon huhu ce.

Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da ciwon kai da amai, wuya ya sanƙare, yaro yana gudun haske ko yana jijjiga, kada a jira gari ya waye. A jariri wuyan ba lallai ya sanƙare ba. Ki duba ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Idan kuma maɗigar faɗawa ta yi, ido ya zurma, famfas ya daɗe a bushe, ruwan jikinsa ne yake ƙarewa.

Haɓo kuwa ya zama ruwan dare a wannan lokaci, kuma yawanci ba abin tsoro ba ne. Kada ki ɗaga kan yaron sama, jinin zai koma maƙogwaro. Ki zaunar da shi ya ɗan sunkuya, ki matse tattausan wurin hancinsa minti goma ba saki. Idan kin yi haka sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti.

Ke fa?

Na san halinmu. Mukan haɗa wa kowa, mu manta da kanmu. Ki sa atamfa ko yadi mai shan iska a hanya, leshi da shadda su jira a jaka sai an isa. Hijabi mai kauri baƙi ƙirin, da rana tanda ne, gare ki da wanda yake bayanki. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, gorarki ta fi ta kowa girma, kuma kada ki ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki a hanya. Wannan dabarar ita take kawo mana mata da ciwon mara da jiri.

Daren tafiya ki duba hasashen yanayi a wayarki. Hukumar NiMet tana fitar da na kwanaki masu zuwa, tana kuma gargaɗi idan hazo mai kauri yana tafe. Hasashe ne, ilimin gaibu na Allah ne, amma ya fi fita da ka. Idan an ce ƙura za ta yi yawa, ga ɗanki mai asma ko jariri sabon haihuwa, kuma tafiyar ba ta asibiti ba ce, ki ɗaga waya ki ba da haƙuri. Zumunci ba ya ƙarewa a biki ɗaya.

Idan kuma tafiyar ta zama dole, ki yi sammako ki isa kafin rana ta take, ki gama zirga-zirgar kasuwa da hantsi, azahar ta same ki a inuwa. Rigunan sanyin da kika cire da rana kada ki tura su but a dawowa, domin idan magariba ta riske ku a hanyar Gwarzo, za ki neme su.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya raya mana zuri'a. Ke kuma 'yar uwa, mene ne abin da ba kya yarda ki fita babu shi a jakarki a irin wannan lokaci? Ki faɗa mana, wata za ta ƙaru.